Daminar da Na Haƙa Masai

Bana ruwa ya sauka Illela da wuri, kuma da ƙarfinsa. Gero bai kai gwiwa ba bangon makewayin da ɗana Bello ya gina mini ya fara jiƙewa daga ƙasa. Irin na zamani ne, mai tayil da tukunyar zama, a danna ruwa ya tafi da komai cikin sokawe. Sai ga fenti yana kumbura yana ɓarewa, ga wani wari yana tasowa in rana ta take. Bello ya turo mai gyaran famfo, wani dattijo da ake kira Isah. Ya ƙwanƙwasa tayil nan da can, ya ce sai an fasa daɓen gaba ɗaya a nemo bututun da ya fashe.

Na ce ba mai fasa mini komai. Na shiga madafi na ɗebo busasshiyar toka, na barbaɗe bayan tukunyar da gindin bango, na ce kowa ya bar wurin har azahar. Da muka dawo, toka tana nan fara ko'ina, in ban da wuri ɗaya, daidai inda tukunyar ta haɗu da bututu. Nan ta yi baƙi kamar faɗin tafin hannu. Robar mahaɗar ce ta tsage. Kafin la'asar Isah ya canza ta, na kuma sa ya hau ya karkatar da indararon da ke zuba kusa da murfin sokawen.

Yana wanke hannu ya ce, "Hajiya, wa yak koya maki wanga aiki?"

Na ce masa tsohuwar damina ce. Bai gane ba, ni ma ban tsaya bayani ba, don warin jiƙaƙƙiyar tokar ya riga ya mayar da ni baya shekara talatin da 'yan kai.

A bazarar shekarar nan mijina Sahabi ya rasu. Fataucin wake da albasa yake yi tsakanin nan da Ƙonni. Sanƙarau ya kama shi ranar Lahadi a kasuwa, ranar Laraba aka kai shi. Ya bar ni da yara uku: Bello mai shekara bakwai, Asma'u mai biyar, da Nana a goye. Ya bar ni kuma da mahaifiyarsa, Inna Tumba, wadda tun rasuwar mijinta take zaune tare da mu. Idanunta sun yi hazo, gwiwoyinta ba sa ɗaukarta nesa, amma kanta garau yake, harshenta kuma ba ya lanƙwasa.

Ruwan shuka ya same ni cikin takaba. Ƙanena ya zo daga Araba ya jefa mana iri a gonarmu ta hanyar Amarawa, ya koma tasa. Noman farko bai samu a kan lokaci ba. Da na fita takaba, abin da ya rage a rumbu in na zura hannu ina taɓa ƙasa. Na fara karɓar surfe da daka daga gidajen 'yan kasuwa, a ba ni tsaki da ɗan gari. Da safe kunu ne tsararo, wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana tafasa ko rama, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli in akwai, in babu da gishiri da barkono. Tuwo sai da maraice, shi ma ba kullum ba. Inna kan ce haƙoranta ba sa son tuwo, ta tura wa Bello nata. Duk mun san ƙarya take yi.

Wan Sahabi, Alhaji Modi, ɗan canji ne a bakin iyaka, naira da sefa na wucewa ta hannunsa tun safe har magariba. Shi ne ɗan farin Inna, don haka tunda na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "mutumin ga", in yana wurin kuma ta kawar da kai ta yi magana da bango. Gidanmu yana bakin lungun da ya fita kan hanyar manyan motoci, wurin da kowa ke neman ɗakin ajiyar kaya. Kwana biyu da fitata takaba Alhaji ya zo ya zauna a zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"Kulu," ya ce, "mace ɗaya ba ta iya riƙon wanga gida. Na ƙasa na, kowace damina sai an yi mai yaɓe. Ki ɗauki ta goye ki koma Araba wurin iyayenki. Bello da Asma'u su dawo hannuna, Inna ma ɗakinta na can. Gidan in gyara shi in aje kaya. In ɗiyan sun girma, abinsu na."

"Na ji, Alhaji. Amma nan ubansu yab bar su, nan za su tashi."

Bai yi faɗa ba. Ya kaɗe rigarsa ya ce damina ce za ta gaya mini.

Sai marka ta kama. Kwana tara ba mu ga rana ta fito sosai ba. Ba irin ruwan nan mai tsawa da ke zuba ya wuce ba, yayyafi ne mai naci, ya yi kamar zai ɗauke sai ya ƙara ƙarfi. Bangaye suka sha ruwa har in ka dafa sai yatsanka ya lotsa. Tabarmi suka yi funfuna. Wanki ya kwana uku a igiya yana warin tsami. Yanzu jikokina suna murɗa gas wuta ta tashi. A lokacin sai na yi ta hura jiƙaƙƙen kara har idanuna su yi ja, hayaƙi ya cika ɗaki, tukunya ko ɗumi ba ta yi ba. Kwaɗi suka mamaye tsakar gida. Yara suna kwance lamo kamar kaji, ga sanyi ga yunwa.

A rana ta tara da hantsi ruwa ya ɗan tsagaita. Asma'u ta shiga makewayi ta fito, ba ta kai bakin madafi ba na ji wani sauti kamar an yar da buhun hatsi daga kan mota. Na ruga. Daɓen masai ya rufta ciki, ya ja kusurwar katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu Malam Haliru. Inda yarinyar ta tsuguna yanzun nan, babu komai sai baki buɗe. Ramin ya riga ya cika da ruwan sama, ƙasar da ta faɗa ciki ta turo shi waje. Baƙin ruwa ya malalo, wani ya bi rariya ya fita lungu, wani ya bi ta ɓarakar katanga ya nufi tsakar gidan Malam. A tsakar gidan nan kuwa rijiyar da duk lungunmu ke sha take.

Inno, matar Malam, ta fito da hannu a ka. "Kulu, rijiya. Rijiya za shi shiga."

Ba mu tsaya magana ba. Ni da ita muka kama kwasar ƙasa da hannu da ƙwarya muna yin kunyar ƙasa a gaban ruwan, muka juyar da shi waje. Amma wani ya riga ya taɓa bakin rijiyar. Malam ya sa aka rufe ta da kwanon rufi, ya ce kada wanda ya sake jefa guga sai an duba. Gida bakwai suka koma ɗebo ruwa daga rijiyar kasuwa, cikin taɓo har idon sawu. A wannan satin kuma ana ta zancen amai da gudawa a wata unguwa. Ban ga laifin matan lungu ba da suka fara magana. Na ji wata ta bayan katanga tana cewa gidan da ba namiji haka yake ƙarewa.

Washegari duba-gari ya zo, wani mutum mai furfura a gemu, da takalmin ruwa har gwiwa. Ya zagaya, ya leƙa, bai ɗaga murya ba.

"Kwana bakwai na ba ki. A cike wanga, a gina sabo nesa da rijiya. In na dawo ban ishe an yi ba, ba ni da yadda zan yi, sai a hitar da mutane a ruhe gidan har rani."

Na aika wa magina biyu. Na farko ya ce yana da aiki a Amarawa, na biyu ya ce bayansa ke ciwo. Daga baya na ji cewa Alhaji ya ce musu maganar gidan ƙanensa a hannunsa take, kowa ya dakata sai ya yi kira. Da la'asar shi da kansa ya zo, ya tsaya a zaure da hankici a hanci.

"Kin gani? Da ɗiyar ta hwaɗa ciki, mi za ki ce min? Ki haɗa kayanki. Ranar da wa'adi yac cika zan turo mota."

Da ya tafi na zauna a kan turmi. Sai na ji muryar Inna daga ƙofar ɗakinta.

"Mi ki ka jira?"

"Inna, magina sun ƙi zuwa."

"Su sunka haihe ki? Garinmu can bayan Ƙonni, mata ka yaɓe, mata ka daɓe. Ni da hannuna na gina salanga biyu tun ba a haihi uban ɗiyan ga ba. Idona ya tahi, naki na nan. Tashi ki samo toka, dut wadda kis samu."

Na ɗauki masaki na bi lungu gida gida ina roƙon toka. Matan da suka yi da ni jiya su ne suka kwashe mini murhunsu yau, wasu ba su ko dube ni ba. Inna ta sa na barbaɗa busasshiyar a gindin kowane bango, ta ce in zuba ido in ga inda za ta fara baƙi. Haka muka gano hanyar da ruwan ke bi a ɓoye. Indararon ɗakin Inna ne yake zuba daidai gefen ramin, shekara da shekaru yana cin ƙasar daga ƙarƙashi. Azarar da ta riƙe daɓen kuma gara ta cinye cikinta, na ɗauki guntu ɗaya ya marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Abu na farko da na yi, na jingina tsani na hau, na cire indararon na mayar da shi ɓangaren da ke zuba waje.

Kwana biyu na yi ina cike tsohon ramin. Toka, sannan ɓaraguzan katangar da ta faɗi, sannan ƙasa, a sake toka. Na ɗaure hanci da gefen mayafi, bai hana komai ba. Sau uku ina komawa gefe in yi amai, ba kuma abin da ke fita sai ruwan kunu. Jiƙaƙƙiyar toka ta ci hannuwana har fatar tsakanin yatsu ta tsattsage. Yanzu in sokawe ya cika, waya ake bugawa mota ta zo da dogon tiyo ta zuƙe, mai gida yana zaune a inuwa. Ni da ƙwarya na yi nawa. A kwanakin nan gidan Inno muke shiga kama ruwa, ta ɓarakar katanga, ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Inna ta zaɓi sabon wuri, can kusurwar gabas bayan turken awaki, inda ƙasa ta fi tudu kuma ya fi nisa da rijiya. Na ɗauko dagi da galmar Sahabi. Na ɗauko wandonsa na gona na sa a ƙarƙashin zane, na ɗaure ƙugu da igiya. Ranar farko na haƙa har ƙugu, ina cika bokiti in miƙa sama in fito in zubar in koma. Labari ya zaga lungu cewa matar Sahabi, wadda ta fita takaba jiya jiya, tana cikin rami da wandon maza. Matar Alhaji ta aiko a gaya mini ina zubar musu da mutunci. Na ce wa 'yar aiken ta ce ina gaishe ta.

Ƙasar Illela daga sama tauri gare ta, amma in ka nutsa sai ka tarar da rairayi. A rana ta huɗu cikin wa'adin, ramin ya kai kafaɗata. Ruwa ya sauko da hantsi, ban fito ba, ina ganin kwana na tafiya. Na sunkuya zan cika bokiti sai na ji wani sanyi ya dafe bayana. Gefen ramin ne ya zubo. Kafin in miƙe ya kama ni har ƙirji. Jiƙaƙƙen rairayi nauyi gare shi kamar an ɗora maka buhuna. In na fitar da numfashi sai ya ƙara matsewa, ba ya barin in mayar. Na so in yi kira, murya ta ƙi fita.

Inna ce ta ji shirun. Ta rarrafo har bakin ramin, ta lalubo kaina da hannu, sannan ta ƙwala wa Inno kira da wata murya da ban san tana da ita ba. Inno ta tsallako da mata biyu, Hajo da Ige, masu gidan da ke kallon namu.

"Kada ki motsa, Kulu. Ɗaga hannuwanki sama."

Da ƙore da hannu suka yi ta yashe rairayin daga jikina, ruwa yana dukan bayansu. Da suka kai gwiwa suka ɗaura mini igiyar guga a ƙarƙashin hammata, su uku suka ja. Na fito ba zane, sai wandon Sahabi. Hajo ta dube ni, ni ma na dube ta, sai dariya ta kama mu duka, irin wadda ke zuwa da hawaye.

Malam Haliru ya yi gyaran murya daga bayan katanga, bai leƙo ba.

"Malama Kulu, ranki ya hi wanga gida. Ki dakata in tahi in ga Alhaji da kaina."

"Malam, in kat tahi wurinai, makulli za shi ba ka ka kawo min. In kana son ka taimake ni, ka bar min Inno kwana ukku."

Sannan na ji ya ce, "Inno, kin ji."

A wannan yammacin Nana ta fara gudawa. Kafin magariba ta yi sau biyar, idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa. Na goya ta na kai ta wurin malamin asibitin unguwa. Ya ce ba mugun ciwon da ake tsoro ba ne tukuna, amma in ban kula ba zai iya zama komai. Ya nuna mini yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ya ce duk ruwan da za a sha a gidan sai an tafasa shi. Na dawo, ba busasshen itace ko guda. Na tsaya a tsakar ɗaki ina dube-dube, idona ya sauka a kan gadon katakon da muka kwana a kai shekara tara ni da Sahabi. Na ɗauko gatari. Inna tana jin saran ba ta tambaye ni ba, sai ta jawo murhu kusa da ƙofa. Da gadon nan muka dafa ruwan sha har ƙarshen marka. Inna ta karɓi Nana ta ɗora a cinya, tana ɗura mata ruwan da cokali, kaɗan kaɗan, ba ta gajiya. Kwana biyu yarinyar ta buɗe ido ta nemi nono.

Dabarar duro ma daga Inna ta fito. Akwai duro uku na ƙarfe a zaure da Sahabi ke adana wake a ciki. A gindin ɗaya muka tarar da ragowar wake kamar tiya guda, ranar muka ci abinci har da maƙwabta. Maƙerin bakin kasuwa ya yanke musu baki da gindi, ya huda jikinsu ko'ina. Rana ta biyar mu huɗu muka shiga aikin, kafin azahar mun zama shida. Muka faɗaɗa bakin ramin muka kwantar da gefensa don kada ya sake zubowa, biyu a ciki, biyu suna jan bokiti, biyu suna hutawa. Ige tana waƙar daka tana sa sunan kowa a ciki. Da ramin ya isa, muka zura duro ɗaya bisa ɗaya da igiya, muka cike kewayensu da marmara da tsakuwar da muka ɗebo a ka daga bayan gari, muka daddanne da taɓarya.

Rana ta shida da safe na tarar da azara huɗu a jingine a ƙofar gida. Malam ne ya cire su daga rumfar da yake karatu. Na karɓo baƙin mai wurin masu gyaran mota muka shafe su sosai saboda gara, muka gitta su a bakin ramin, muka shimfiɗa tsohon kwano. Muka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa da kashin jaki, muka tattake da ƙafa har ta yi danƙo, muka daɓe. Inna ta sa aka ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, ya gangaro ta kowane gefe, don ruwan sama ya gudu daga ramin. Bakin kuwa wuyan tsohuwar randa muka dasa, na sassaƙa masa murfi mai mariƙi da ragowar katakon gadon. Wurin wanka muka ware shi daban, da tasa rariyar zuwa wani ɗan rami cike da tsakuwa. Katangar ƙasa ba za ta bushe a marka ba, sai muka kewaye da zana. Rana ta bakwai na yini ina ƙona ƙaiƙayi a kan daɓen don ya sha iska.

Da wa'adi ya cika, duba-gari ya zo da hantsi. Alhaji yana bayansa, mota a-kori-kura tana tsaye a bakin lungu. Na ga kwaɗon ƙofa sabo fil a hannunsa. Matan lungu suka cika ƙofar Inno.

Duba-gari ya fara da tsohon ramin, ya soka sanda, ya tattaka. Ya wuce sabon. Ya hau daɓen ya yi tsalle sau biyu da dukan nauyinsa. Ya ɗaga murfi ya leƙa, ya mayar. Ya auna nisan wurin da rijiya da ƙafarsa. Ya ɗaga kai ya dubi indararo.

"Wane magini yay yi wanga?"

Inno ce ta amsa daga ƙofarta. "Ga su nan gabanka, mu shidda."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi hannuwana. Ya ce ba shi da sauran magana da gidan nan. Rijiya kuma a kwashe ruwanta duka, zai kawo maganin da za a zuba, bayan kwana uku a sha.

Alhaji ya matso. "Aikin mata na. Baɗi war haka shi ma shina ƙasa. Ni ba ni barin ɗiyan ƙanena cikin wagga ƙazanta."

"Modi."

Kowa ya waiga. Inna ce, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, Nana a cinyarta. Ba ta kawar da kai ba, fuskarta tana daidai inda muryarsa ta fito. Mutum mai shekara hamsin, ranar ya fara jin sunansa a bakin uwarsa.

"Kwana bakwai yarinyar ga na cikin rame, ƙasa ta kusa cinye ta, kai kana ina? Ɗiyan ƙanenka sun sha ruwan da anka dahwa da gadon ubansu, kana ina? Yau kaz zaka da makulli. Tau, ruhe. Amma da ni ciki za ka ruhewa, don ba inda za ni. Nan Sahabi yar riƙe ni, daga nan za a ɗauke ni."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya zura kwaɗon a aljihu. Ya ce, "Allah shi huci zuciyarki, Inna." Ya juya. Muka ji motar ta tashi ba kowa a bayanta.

Bayan sati biyu rana ta fito da gaske. Muka baje tabarmi da tufafi a kan kowace katanga, lungu ya yi kamar kasuwa. Aka yashe rijiya aka koma sha. Geronmu bai yi yawa ba saboda ciyawa ta ci rabinsa, amma ranar da na karyo zangarniyar farko na gasa wa yara tumu, Bello ya ci har ya yi barci da guntu a hannu. Da kaka na sake gina katangar da ke tsakaninmu da Malam, na bar wata 'yar ƙofa a jiki, ni da Inno.

Alhaji ya yi kusan shekara bai taka gidan ba. Da Sallah yakan aiko wa yara da kaya, ina karɓa, haƙƙinsu ne. Sai da damina ta zagayo Inna ta kwanta ciwo. Ya aiko a ɗauke ta, ta ce ta riga ta faɗi maganarta. Dole ya riƙa zuwa da kansa kullum bayan la'asar, ya zauna a bakin ƙofarta, in kawo masa ruwa, mu gaisa a taƙaice.

Wata rana yana zaune hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, lungu ya zama gulbi. Ya sha furar da na dama wa Inna ta ƙi sha. Can na ga yana gyara zama, ya dubi sama, ya dubi ƙofar zaure, ya sake gyara zama. Gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyi. Gidansa yana can bakin iyaka, ko da mashin ba ya kai shi. Ya daure iyakar daurewa. Daga ƙarshe ya yi ƙasa da murya, bai dube ni ba.

"Kulu, ko akwai buta kusa?"

Na tashi na cika buta, na ɗauko masa malafar Sahabi saboda ruwa, na ajiye su a gabansa.

"Ga hanya can, Alhaji, bayan turken awaki. Ka taka ba tsoro, ba shi zuwa ko'ina. In ka gama, a maida murhin."